Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Hisabi

A kwanakin nan babu ofishin da mutum zai shiga, ko na gwamnati ko na 'yan kasuwa, bai tarad da kwamfuta bisa tebur ba, har yara da yawa sun ɗauka ita ce ta kawo lissafi duniya. Alhali kuwa na'urar nan ba ta san kome ba sai abin da ɗan Adam ya tsara mata. Shi ne zai zauna ya rarraba aiki mataki-mataki, ya rubuta abin da za a fara da shi, da abin da za a maimaita, da inda za a tsaya, sa'an nan ita ta bi. Wannan gwaninta ta tsara ƙa'ida ta girmi na'urar nesa ba kusa ba, kuma ƙasarmu tana da rabonta a ciki. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatu, musamman akawuna da malaman makaranta, tarihin wani mutumin ƙasar Katsina wanda ya shahara a wannan fanni har malaman Masar suka durƙusa gabansa, ya kuwa rasu tun shekarar 1741.

Asalinsa da karatunsa

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafilatani ne, ɗan mazhabar Malikiyya. A littattafan Larabci ana kiransa Alfulani Alkashinawi Assudani, watau Bafilatanin Katsina daga ƙasar baƙar fata. Yawancin abin da aka sani game da rayuwarsa ya fito ne daga babban littafin tarihin Masar mai suna Aja'ibul Asar, wanda Shaihu Abdurrahman Aljabarti ya wallafa. A can an ƙara masa wani laƙabi da ke danganta shi da Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina.

Katsinar da ya tashi a cikinta ba baƙuwar ilmi ba ce. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya sauka a birnin, ga kuma hasumiyar Gobarau wadda har yanzu ta ke tsaye. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Ayarin fatake na zuwa daga Agadas da Gat da Tarabulus, suna kawo gishiri da tufafi da takarda, cikin kayan kuwa har da littattafai. A wannan zamani almajiri ba ya zama wurin malami ɗaya. In ya sauke littafi wurin wannan, sai ya ɗauki buzunsa da gafakarsa ya nufi inda ya ji labarin wani gwani, ko da tafiyar wata guda ce.

Haka Malam Muhammadu ya yi. Cikin malamansa akwai wani babban shehi mutumin Barno da Bagarmi, da Shaihu Hashimu, da Muhammadu Fodu, da Muhammadu Bindu. Wurin Fodu ya yi wajen shekara 4 yana biye da shi, a gida da kan hanya, yana karanta lugga da nahawu da sarfu. Da fari malamin yana yi masa laƙabi da Mai Maƙama, don ya haddace littafin nan sarai. Da ya ga yadda ya ƙware a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi, sunan limamin masu nahawu na Basra. Wurin Bindu kuwa ya ɗauki hisabi, da ilmin sanin lokatai, da ilmin haruffa da na hatimi, duk bisa hanyar malaman Magrib. Ban da waɗannan ya karanta manɗiƙi da balaga da tauhidi da hadisi da fiƙihu.

Ya kamata masu karatu su lura da wannan jeri. Mutumin da ya zama gwanin lamba, da nahawu ya fara, sa'an nan manɗiƙi. Nahawu ya koya masa cewa wasali ɗaya in ya kauce ma'anar magana ta juye, manɗiƙi kuma ya koya masa jera hujja ɗaya bayan ɗaya ba tsallake. Duk wanda ya taɓa rubuta wa kwamfuta umarni ya san waɗannan biyu su ne jarin aikin, gama ɗigo ɗaya in ya ɓace sai na'ura ta ƙi motsi.

Tafiyarsa gabas

Da ya ƙoshi da abin da ke wurin malaman ƙasarsa sai ya yi niyyar hajji. Tafiyar hajji a lokacin nan aikin shekaru ce, a ƙasa ko bisa raƙumi, mutum ya yi sallama da iyali kamar ba zai komo ba. Ya ratsa ƙasashe da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu, inda ya sami mai wani ilmi da ba shi da shi sai ya yada zango ya ɗauka. Ya yi hajji a shekarar 1142 ta Hijira, watau 1730, ya kuma zauna a ƙasa mai tsarki na wani lokaci yana karatu yana rubutu.

A Alƙahira ya sauka a wata unguwa kusa da masallacin Azhar, inda tun da daɗewa ɗaliban ƙasashenmu su ke da masauki. A nan ya haɗu da Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin da muka ambata. Shi Shaihu Hasan asalin kakanninsa daga gabashin Afirka ne, wajen Zaila, ya kuwa yi suna a Masar wajen fiƙihun Hanafiyya da ilmin taurari da na ma'auni, gidansa cike da littattafai da kayan awon rana. Duk da wannan matsayi nasa, da ya ga abin da baƙon nan ya zo da shi daga Katsina sai ya zama ɗalibinsa. Ya karanta littattafan hatimi a gabansa, har da na hatimi mai gidaje biyar-biyar wanda a ke barin gidan tsakiyarsa wofi, abin da sai gwanaye ke iya daidaita shi. Da Malam Muhammadu ya komo daga Makka sai Shaihu Hasan ya sauke shi a gidansa, shi da matarsa da mutanensa, a nan kuwa ya kammala yawancin littattafansa.

Littattafansa

Mafi girmansu shi ne Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai, wanda ya fara a Makka ya gama a Alƙahira a 1146 ta Hijira. Daga baya an buga shi da ɗab'i a Masar. Ya yi wani a kan nahawu mai suna Bulugul Arab, ya kuma tsara manɗiƙi cikin waƙa ya sa mata suna Manhul Ƙuddus, sa'an nan ya yi mata sharhi da kansa. Amma wanda ya shafe mu a nan shi ne Bahjatul Afaƙ, kan haruffa da hatimi, wanda ya gama a 1145 ta Hijira, watau tsakanin 1732 da 1733.

Mun san yadda a ke ɗaukar hatimi a ƙasarmu. Wajen yawancin jama'a abin laya ne da rubutun sha, malamai kuwa sun daɗe suna saɓani kan halaccin wannan, kuma shi kansa Malam Muhammadu ya rubuta littafinsa ne cikin wannan fage na asirai. Hukuncin wannan mun bar wa ma'abotansa. Abin da mu ke so mu nuna shi ne lissafin da ke ƙarƙashin zanen, wanda kowane yaron aji huɗu zai iya gwadawa ya tabbatar da kansa.

Yadda a ke cika hatimi

Hatimi murabba'i ne da aka rarraba gida-gida, a zuba lambobi daga 1 zuwa adadin gidajen, ba a maimaita ko ɗaya ba, yadda in ka tara kowane jeri na kwance, ko na tsaye, ko wanda ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ka samu. Ba Malam Muhammadu ne ya ƙago shi ba. Mutanen Sin sun san mai gidaje tara tun zamanin da, malaman Basra sun rubuta a kansa a ƙarni na 10, Shaihu Albuni kuma ya yawaita maganarsa a ƙarni na 13. Aikin Bakatsinen shi ne ya tattara hanyoyi dabam-dabam na cika hatimin da adadin jerinsa mara ne, watau wanda ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7, ya bayyana su filla-filla yadda mai karatu zai bi.

Domin masu karatu su ga irin wannan aiki, ga wata hanya mai sauƙi wadda masana hisabi suka daɗe da saninta. A zana gidaje uku-uku. A sa 1 a gidan tsakiya na jerin sama. Daga nan kowace lamba mai zuwa a sa ta a gidan da ke sama da ɗaya, dama da ɗaya. In wannan taki ya fid da kai ta saman zane, sai ka komo can ƙasan wannan jeri na tsaye. In ya fid da kai ta dama, sai ka komo farkon wannan jeri na kwance daga hagu. In kuwa ka tarad da gidan da mai shi, ko ka kai kusurwar sama ta dama, sai ka sauka gidan da ke ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu. Haka za ka yi ta yi har gidaje su ƙare. Ga abin da zai fito:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Ko ta ina ka tara, 15 ne. In aka bi wannan ƙa'ida ba a sāke kome ba a gidaje biyar-biyar, jerin sama zai zama 17, 24, 1, 8, 15, jimlar kowane jeri kuwa 65. A bakwai-bakwai 175 ne, a tara-tara 369. Ko da za a zana gidaje 101 a tsaye 101 a kwance, watau gida 10,201, ƙa'idar nan dai ita ce, kowane jeri kuma zai ba da 515,201.

To, a duba abin da ya faru. Wanda ya cika gidajen nan bai yi tunanin wace lamba ta dace da wane gida ba, bai kuma tara kome ba. An riga an yi masa tunanin an zuba cikin umarni biyar, shi dai nasa bi ne. Cikin umarnin akwai mafari, akwai abin da a ke maimaitawa, akwai sharaɗi na in kaza ya faru a yi kaza, akwai kuma inda a ke tsayawa. Waɗannan huɗu su ne ginshiƙan kowace manhajar kwamfuta, ƙarama ko babba. Shi ya sa har yanzu cika hatimi yana cikin darussan da a ke ba masu koyon rubuta manhaja su gwada hannunsu.

Akawunan da suka yi aiki a Baitulmali zamanin En'e sun san wannan ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Kafin a kawo naira a 1973, mai tara kuɗin haraji da jangali sai ya tara kwabbai, duk 12 ya mai da su sule, ya tara sulalla, duk 20 ya mai da su fam. In ya gama ya tara shafin a tsaye, ya kuma tara shi a kwance, in jimlar biyu ba ta zo ɗaya ba, ba shi da tashi daga kujera ko da magariba ta yi.

Haruffa da lambobi

Ɗaya rabin littafin a kan haruffa ya ke. A lissafin abajada kowane harafin Larabci yana da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har 1000. Da shi ne mawaƙanmu na ajami su ke ɓoye shekarar da suka yi waƙa cikin kalma ɗaya a ƙarshenta, abin da a ke kira ramzi. Amma akwai wani tarko. Lissafin mutanen Magrib, wanda ƙasarmu ta gada, ya saɓa da na mutanen gabas a haruffa shida. Wurinmu shin 1000 ne, wurinsu kuwa 300 ne, gain ne 1000. Shekarar da Malam Muhammadu ya rasu, 1154, in Bakatsine zai rubuta ta sai ya sa shin da ƙaf da nun da dal. In Bamasare ya karanta da nasa lissafi zai sami 454, ya yi kuskuren shekara 700 ke nan. Mutumin da ya koyi hanyar Magrib a gida ya je yana koyarwa a Masar, tilas ya riƙe duka biyu a kansa. Wani masani daga ƙasar Kano, Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, ya yi nazarin wannan sashe na aikin Bakatsinen, aka buga a Ibadan a 1967.

Kwamfuta ma da lamba ta ke riƙe harafi, gama ba ta san baƙi ba. Masu ƙera na'urorin farko sun sha irin wahalar nan, kowane kamfani da nasa lissafin haruffa, abin da wannan na'ura ta rubuta waccan ta karanta shi shirme. Sai a 1963 aka fito da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda daga baya ya game duniya, a cikinsa babban harafin A lambarsa 65.

Daga allo zuwa na'ura

Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan ƙa'ida ta mataki-mataki, watau algorizim, daga sunan Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi aka samo ta, masanin hisabi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Ita kanta kalmar kwamfuta, a Ingila da fari sunan ma'aikaci ne, mutumin da a ke biya ya zauna yana lissafi da alƙalami. Sa'ad da Malam Muhammadu ke zaune a Alƙahira, a can Filadalfiya ta Amurka akwai wani akawun majalisa mai suna Benjamin Franklin, wanda ya kama aikin a 1736, shi ma in muhawara ta gundure shi sai ya riƙa zana hatimi a takarda.

A 1843 wata Baturiyar Ingila, Ada Lovelace, ta buga jadawalin matakan da injin lissafin Charles Babbage zai bi, ko da ya ke ba a taɓa gama ƙera injin ba. A watan Fabrairu na 1946 aka nuna wa jama'a na'urar ENIAC a jami'ar Fensilbaniya, a birnin nan na Franklin. Nauyinta wajen tan 30, tana da kwalaben lantarki masu kama da ƙwan fitila kusan 18,000. Mata shida aka zaɓo daga cikin ma'aikatan lissafi su tsara mata aiki, suna yi kuwa da jona wayoyi da murɗa makunnai da hannu. Daga baya aka koma ga kati mai layi 80 wanda a ke hudawa, kowane kati umarni ɗaya. A Nijeriya kamfanin IBM ya buɗe wurin koyar da wannan aiki a jami'ar Ibadan a 1963.

Waɗanda suka fara aikin a zamanin kati, aka kuma yi sa'a suka daɗe a cikinsa, kamar Grace Hopper wadda ta fara a 1944 ba ta bar aikin sojan ruwan Amurka ba sai 1986 tana da shekara 79, sun ga na'urar da ta cika ɗaki ta ƙanƙance har ta hau tebur. A zamaninsu na fari lokacin na'ura tsada gare shi. Mutum ya kai tarin katinsa yau, sai gobe ya karɓi amsa, in kuwa ya kuskure harafi ɗaya kwana guda ya tafi a banza. Don haka kafin ya huda kati sai ya ɗauki takarda da fensir ya bi umarninsa ɗaya-ɗaya, ya mai da kansa na'urar, ya ga ko za ta kai inda ya ke so. Abin da almajirin Malam Muhammadu ke yi ke nan da allo da tawada, sa'ad da ya ke bin gidajen hatimi yana gwada ƙa'idar malaminsa.

Rasuwarsa

Malam Muhammadu bai sake ganin Katsina ba. Ya rasu a gidan Shaihu Hasan Aljabarti a 1154 ta Hijira, watau 1741, shekara 13 kafin haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukinsa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya rufe shi a maƙabartar Mujawirina, a sashen da a ke kira Lambun Malamai, ya yi gini bisa kabarin ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Abdurrahman, ɗan Shaihu Hasan, an haife shi ne bayan wannan da shekara goma sha wani abu, bai ga baƙon ubansa da ido ba, amma ya tashi a gidan da aka san darajarsa, ya kuwa sa shi cikin manyan malaman da Masar ta yi rashi.

Littattafan kuwa can suka zauna. Kwafin Bahjatul Afaƙ ya kai har ɗakin karatu na makarantar nazarin ƙasashen gabas da Afirka a Landan. Daga can wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta ɗauko labarinsa ta sa cikin littafinta kan lissafin mutanen Afirka a 1973, har yaran makarantun Amurka suka ji sunansa. A nan gida kuwa ɗalibi ya kan gama makarantar sakandare, ya haddace sunan Fisagoras, bai taɓa jin an ambaci Muhammadu Bakatsine ba.

Gyaran wannan yana hannun malaman makaranta, ba ya kuwa bukatar kuɗi ko wutar lantarki. Malamin da ke koyarwa a Ɗankaza ta ƙasar Wudil, ko a wani ƙauye irinta, zai iya zana gidaje tara a allo, ko ma a ƙasa da tsinke, ya faɗa wa yara umarnin nan biyar, ya bar su su cika. In sun iya na uku-uku ya ba su na biyar-biyar. Sa'an nan ya sa wanda ya fi ganewa ya rubuta umarnin da kalmominsa, ya miƙa wa wani yaro da bai ji bayanin ba, a ga ko zai bi ya kai ga 65. In bai kai ba, a koma a binciki rubutun a ga inda aka bar giɓi. Yaron da ya iya wannan ya riga ya ɗauki darasin farko na abin da a ke koyarwa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. In an gama darasin, muna roƙon malamin ya gaya wa yaran sunan mutumin ƙasarsu da ya koyar da wannan ilmi a Masar, da shekarar da ya rubuta littafinsa.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.